Sayar Da Bindiga Ko Ba Da Ita Ga Mutumin Wata Jiha: Abin Da Doka Ta Ce

Bayaninmu na wannan wata a kan bindiga ne. Za mu duba yadda doka ta ce a yi idan bindiga za ta bar hannun wani ta koma hannun wani. Ko ta hanyar ciniki ne, ko kyauta, ko aro, ko jingina, ko gado. Za mu fi tsayawa a kan wanda zai ba mutumin wata jiha, domin mu a bakin iyaka muke zaune.

Wanda ya tashi daga Riruwai, tafiya kaɗan zai yi ya ga kansa a ƙasar Lere ta Jihar Kaduna, ko ƙasar Toro ta Jihar Bauchi. Mutumin Kiru da ya wuce Kwanar Ɗangora ya kusa shiga Kaduna. Motar Jos da ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore, a Saminaka take shan iska. Kasuwa muke ci tare da mutanen can. Muna aurar musu, suna aurar mana. Garma tana ƙetare iyaka, keke yana ƙetarewa, sa da akuya suna ƙetarewa, ba mai cewa uffan. Shi ya sa mutane da yawa suke ɗauka bindiga ma haka take. To, ba haka take ba.

DOKAR TA GWAMNATIN TARAYYA CE

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ware wasu abubuwa da Majalisar Tarayya kaɗai take yi wa doka. Makamai da harsashi da abubuwa masu fashewa suna cikinsu. Majalisar Dokokin Jihar Kano ba ta da ikon yin dokar mallakar bindiga. Haka ta Kaduna, haka ta Bauchi.

Dokar da ake aiki da ita ana kiranta Dokar Bindigogi. Ta fara aiki a 1959, tun kafin samun mulkin kai. An yi mata gyare-gyare, kuma tana cikin kundin dokokin ƙasa na 2004. Dokar ɗaya ce daga Sakkwato har Fatakwal. Abin da ta hana a Doguwa ta hana a Saminaka.

Ga misali da zai nuna haka. A watan Yuni na 2022, gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya ce mutanen jiharsa su nemi bindiga su kare kansu daga 'yan ta'adda. Ya nemi Kwamishinan 'Yan Sanda ya ba su lasisi. Kwamishinan ya ce akwai takunkumi a kan ba da lasisi. Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, shi ma ya ce gwamna ba shi da wannan iko. To, idan maganar gwamna ba ta zama lasisi ba, ina ga wasiƙar shugaban ƙaramar hukuma, ko ta hakimi, ko ta dagaci? Katin ƙungiyar maharba ma haka. Katin 'yan sintiri ma haka. Waɗannan takardu suna da amfaninsu, domin suna shaida ko kai wane ne. Amma ba su ne lasisin bindiga ba.

BINDIGA KASHI UKU CE

Kafin a yi maganar ciniki, sai an san wace irin bindiga ce a hannu. Doka ta raba bindigogi kashi uku.

Kashi na farko su ne haramtattu. A nan ake samun bindigogin yaƙi irin su AK-47, da mashinga, da roka, da bam, da gurneti. Ƙaramar bindigar hannu ma tana cikinsu, wato fistol da libarba, ko da maƙeri ne ya ƙera ta. Shugaban Ƙasa ne kaɗai yake da ikon ba da lasisin waɗannan. A lura da abu ɗaya. Bindigar nan da ake ja a ɗura mata harsashi ɗaya bayan ɗaya, wadda ake kira fam-akshan, mutane suna ɗaukarta bindigar farauta. Doka ta cire ta daga cikin bindigogin farauta, saboda tana da na'urar ɗura harsashi. Don haka ta faɗa kashi na farko. A watan Fabrairu na 2018, Sufeto Janar na 'Yan Sanda na lokacin, Ibrahim Idris, ya umarci kwamishinoni su tattara haramtattun bindigogi daga hannun jama'a da 'yan banga, har da irin wannan.

Kashi na biyu su ne waɗanda mutum zai iya neman izinin riƙewa don kansa. Mai baki ɗaya da mai baki biyu da ake karyawa a sa harsashi suna nan. Bindigar iska ma tana nan. Lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda.

Kashi na uku ita ce tamu ta gida, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Wasu su ce bindigar toka, wasu su ce adaka, yara kuma su ce harba-ka-ruga. A kan wannan ce kaɗai doka ta ba jiha baki. Ta ce Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, da amincewar gwamna, yana iya fitar da umarni ya hana riƙe ta sai da lasisi. Umarnin yana iya shafar jiha duka, ko wani yanki nata. A cikin umarnin ne ake faɗin hukumar da za ta ba da lasisin. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Lasisi ba haƙƙi ba ne da mutum zai ce dole sai an ba shi. Hukuma tana iya bayarwa, tana iya hanawa. Kuma akwai waɗanda doka ta ce kada a ba su sam. Wanda bai kai shekara 17 ba. Mai taɓin hankali. Wanda idonsa ba ya gani sosai. Mashayi da wanda ba ya iya riƙe kansa. Sai wanda kotu ta taɓa kama shi da laifin duka ko barazanar duka a cikin shekara 5 da suka wuce.

YADDA CINIKI YAKE HALATTA

Mu ɗauka wani maharbi a Burji yana da mai baki ɗaya, da lasisinsa. Ya tsufa, ido ya fara rauni. Surukinsa da yake zaune a Saminaka ya ce zai saya. Yaya za su yi?

Abin da doka ta ce a fili yake. Ba wanda zai sayar da bindiga ko harsashi, ko ya miƙa su ga wani, sai wanda zai karɓa ya nuna lasisin da ya ba shi izinin riƙe su. Dokar ta ce ko kai dillali ne mai rajista, ko ba dillali ba ne, wannan sharaɗi ya hau kanka. Ke nan lasisin mai saye ake fara dubawa, kafin a yi maganar kuɗi.

A nan ne mutane suka fi yin kuskure. Mai sayarwa sai ya ɗauko bindiga da lasisinsa ya haɗa ya miƙa, kamar yadda ake miƙa takardun babur. Mai saye ya tafi gida yana murna ya sami bindiga mai takarda. Alhali takardar ba ta da amfani a hannunsa. Lasisi na mutum ɗaya ne, a kan bindiga ɗaya. Sunan wanda aka ba shi ne a ciki. Ba ya bin bindiga zuwa sabon hannu. Ranar da aka tare surukin nan a hanya, za a karanta takarda a ga sunan wani. A idon doka yana riƙe da bindiga ba lasisi. Tsohon da yake zaune a Burji shi ma za a neme shi, tun da sunansa ne a rubuce.

Sharaɗi na biyu shi ne lamba. Doka ta hana sayar da bindiga ko miƙa ta sai an buga sunan wanda ya ƙera ta da lambarta a jikinta, bugu na dindindin. Kuma dole lambar nan ta zama ita ce a cikin lasisin da mai saye ya nuna. Idan lambar takarda daban, ta jikin ƙarfe daban, ciniki bai yiwu ba. Kankare lamba ko canza ta laifi ne mai zaman kansa. Duk wanda ya kawo maka bindiga da aka goge wa lamba, kada ma ka tambayi kuɗinta.

Saboda haka hanyar da ta dace ita ce su biyun su je wurin 'yan sanda tun kafin bindiga ta motsa daga ɗaki. Mai sayarwa ya fara da ofishin 'yan sanda na ƙaramar hukumarsa, su kuma su haɗa shi da hedikwata ta Bompai a Kano. Mai saye ya nemi nasa lasisi ta wurin 'yan sandan jihar da yake zaune. Sai lasisinsa ya fito, da lambar wannan bindiga a ciki, sannan a miƙa masa.

Amma fa a sani, samun sabon lasisi ya yi wuya ƙwarai. A watan Agusta na 2023, Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ba da sanarwar dakatar da ba da lasisin bindiga a duk faɗin ƙasa, saboda yawan makamai a hannun jama'a. Don haka tambayar farko da za a yi wa 'yan sanda ita ce ko ana ba da sabon lasisi a halin da ake ciki. Idan sun ce ba a bayarwa, to babu ciniki. Tsohon nan yana iya ci gaba da ajiye abarsa muddin lasisinsa bai mutu ba. In kuwa ba ya son riƙe ta, sai ya miƙa wa 'yan sanda su sa a ma'ajiyar makamai ta gwamnati, ya karɓi rasit.

Wani abu kuma. Sayar da bindigarka guda ɗaya daban, mai da abin sana'a daban. Doka ta ce ba mai saye da sayar da bindiga ko harsashi a matsayin kasuwanci sai dillalin da aka yi wa rajista. Mai shiga tsakani yana cin la'ada, yau ya haɗa mutumin Ningi da na Tudun Wada, gobe ya haɗa na Anchau da na Kiru, ya sani ba dillancin shanu yake yi ba.

IDAN AN ƘETARE IYAKA

Ga bindigogin kashi na farko da na biyu, iyakar jiha ba ta canza komai. Daga sama lasisinsu yake fitowa, kuma 'yan sandan Nijeriya rundunar tarayya ce guda ɗaya. Sharuɗɗan sayarwa ga maƙwabcinka a Daɗin Kowa su ne sharuɗɗan sayarwa ga mutumin Lere. Nisa bai ƙara ba, zumunci bai rage ba.

Bindigar toka ce take da bambanci. Mun faɗa a baya cewa kowace jiha kwamishinanta ne yake fitar da umarni a kanta, kuma shi yake faɗin hukumar da za ta ba da lasisi a jihar. To, umarnin Kwamishinan Kano a Kano yake aiki. Kaduna tana da nata kwamishina, Bauchi tana da nata. Saboda haka kada wanda yake da takardar bindigar toka daga Kano ya ɗauka lalle za a karɓe ta a ko'ina. Wanda zai sayar wa mutumin Toro, sai mutumin Toro ya nemi izini a wurin hukumar can. Wanda zai tafi farauta wata jiha, ya fara zuwa ofishin 'yan sanda na garinsu ya faɗi inda za shi. In ya isa, ya gabatar da kansa ga 'yan sandan wurin da sarkin garin, kafin ya shiga daji. Ɗan sanda yana da ikon cewa ka nuna masa bindiga da takardarta. Don haka takarda ta kasance a jikinka, kada ta kwana a akwati a gida.

Ba za a yi wannan magana a kudancin Kano ba a tuna da Uromi ba. A ƙarshen watan Maris na 2025, wasu mafarauta sun taso daga Jihar Ribas za su gida yin Ƙaramar Salla. A garin Uromi na Jihar Edo 'yan banga suka tare motar da suke ciki. Suka ga bindigogin toka. Aka yi ihu cewa masu satar mutane ne. Taron jama'a ya kashe mutum 16. Da yawansu mutanen Torankawa ne a ƙaramar hukumar Bunkure, nan kusa da mu. Allah ya jiƙansu.

Abin da aka yi musu kisan gilla ne, babu wata doka da ta yarda da shi. Ko da mutum ba shi da takarda ko ɗaya, hukuncinsa yana hannun kotu. Ɗan banga ba alƙali ba ne, a Edo ne ko a Kano. Mun kawo wannan ne don a ga yadda zamani ya juya. Bindigar da a Falgore kowa ya san ta maharbi ce, a garin da ba a san ka ba tsoro take jawowa. A ganinmu, shugabannin maharba su daina barin yaransu suna doguwar tafiya da bindigogi a cikin motar kaya, ba sanarwa, ba wanda ya san da zuwansu. Ya kamata kuma hukuma ta fito da takarda ɗaya bayyananniya ta mafarauci mai tafiya, wadda ɗan sanda a kowace jiha zai gane.

A Amurka, inda bindiga ta yi yawa a hannun jama'a, nan ma ba a sake ba a kan iyakar jiha. Dokarsu ta 1968 ta hana mutum ya sayar wa mazaunin wata jiha bindiga hannu da hannu. Sai dai ya aika da ita wurin dillali mai lasisi a jihar mai sayen, a can a binciki mai sayen kafin a ba shi.

Fita da bindiga daga Nijeriya kuwa, ko shigo da ita, wannan wani babi ne. Doka ta ce sai ta ƙofofin da gwamnati ta ayyana, kuma da izini. Kai wa ɗan'uwa a Maraɗi ko Damagaram ta ɓarauniyar hanya fasa-ƙwaurin makami ne.

ARO, KYAUTA DA JINGINA

Mutum zai ce, ai ni ban sayar ba, aro na ba shi ya kori birai daga gonar masara. Wani ya ce kyauta na yi wa ɗana. Wani kuma bazara ta matse shi, ya kai bindiga jingina ya karɓo buhun dawa. Dokar ba ta tsaya a kan sayarwa kaɗai ba. Ta ce sayarwa ko miƙawa. Kuma duk wanda bindiga take hannunsa ko ƙarƙashin ikonsa, shi ake tambaya lasisi. Wanda ya karɓi jingina ya jefa ta ƙarƙashin gado, bai taɓa harbawa ba, duk da haka yana riƙe da bindiga.

Mai lasisi kuma doka ta ɗora masa alhakin tsare bindigarsa a kowane lokaci. Ba zai ce ai tana wurin wane ba.

Haɗarin aro ya wuce nan. Akwai dokar fashi da makami ta 1984. Ta ce wanda ya samar wa wani bindiga don ya yi fashi da ita, za a ɗauke shi kamar shi ya yi fashin. Hukuncin fashi da makami kuwa kisa ne. Kai ka san ka ba da aro ne don birai. Amma idan aka kama bindigarka a wurin tare hanya a Bauchi, kai za ka yi ta rantsuwa a gaban mai bincike cewa ba ka san komai ba. Kafin gaskiya ta fito, damina ta wuce kana tsare.

BINDIGAR GADO

Wannan ya shafi gidaje da yawa. Uba maharbi ya rasu ya bar bindiga a rataye. Babban ɗa yana Zariya ko Jos yana sana'a. Aka gama zaman makoki, ya naɗe ta a tabarma ya sa a mota, a matsayin abin tunawa da mahaifi.

Doka ta yi tanadi a kan haka, amma ɗan lokaci ta bayar. Idan mai lasisi ya rasu, wanda kayan mamaci suke hannunsa, ko wanda aka yi wa wasiyya da bindigar, yana iya riƙe ta kwana 14 daga ranar rasuwa. Kwana 14 kawai. Ke nan mako ɗaya bayan sadakar bakwai wa'adi ya cika, tun ba a je ko kusa da arba'in ba. A yawancin gidajenmu ba a ma fara maganar rabon gado ba a lokacin. Doka ta kuma ba 'yan sanda ikon karɓar bindigar su ajiye a ma'ajiyar gwamnati har sai magaji ya sami lasisi.

Abin yi shi ne, a cikin kwanakin nan wani babba a gidan ya je ya sanar da 'yan sanda, tare da lasisin mamaci. Yana da kyau mai unguwa ko dagaci ya raka shi. A rubuta lambar bindiga, a karɓi rasit, a adana. Malamin da zai raba gado yana iya yi mata kuɗi a cikin lissafin dukiya, a san rabon wanda ta faɗa. Amma faɗawa a rabonka bai ba ka izinin ɗauka ba. Gado yana ba ka mallaka, lasisi ne yake ba ka riƙewa.

Idan kuwa bindiga ta ɓata, ko an sace ta, ko ta lalace a gobara, nan ma kwana 14 ne. Mai lasisi ya sanar da hukumar da ta ba shi a cikin kwana 14 daga ranar da ya gane, ya mayar da lasisin. Wasu suna jin kunya ko tsoro su yi shiru. Shirun nan ne yake zama musu bala'i ranar da aka tsinci bindigar a hannun ɓarawo.

MAƘERA

Ƙera bindiga haramun ne a doka, sai a masana'antar gwamnati. An bar ƙofa ɗaya. Sufeto Janar, da amincewar gwamnan jiha, yana iya ba maƙeri izinin ƙerawa da gyaran bindigar toka. Ita kaɗai. Maƙerin da ya koma ƙera fistol, ko bindiga mai cin harsashin Bature, ya fita daga wannan izini ko da yana da shi. Mai saye ya tambayi maƙeri takardarsa.

An kuma hana yanke bakin bindiga ya gaza inci 20, wato kamar santimita 51. Riƙe wadda aka yanke ma laifi ne. Dalili a fili yake. Gajeriyar bindiga ita ce take ɓuya a cikin riga.

HUKUNCI

Kamar yadda yake a kundin dokoki na 2004, wanda aka kama da bindigar kashi na farko ba lasisi, ɗaurinsa ba zai gaza shekara 10 ba. Haka mai ƙera bindiga ba izini, haka mai fasa-ƙwaurinta. Bindigar kashi na biyu ba lasisi, ɗauri har zuwa shekara 5. Dillanci ba rajista ma haka. Wanda ya sayar ko ya miƙa wa marar lasisi, tarar naira 1,000 ko ɗaurin shekara 2, ko duka biyun.

Wani zai ji naira 1,000 ya yi dariya, tun da yau ba ta sayen tiyar shinkafa. Tsohuwar doka ce, lokacin da aka rubuta kuɗin yana da nauyi. Amma shekara 2 ba ta rage daraja ba. Kuma mai gabatar da ƙara yana iya ɗauko waccan doka ta 1984. Ita ta ce wanda ya riƙe bindiga saɓanin Dokar Bindigogi, tararsa naira 20,000 ce, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun. A wurinta har bindigar gargajiya da harsashi bindiga ne, ko a haɗe ko an kwance ta gunduwa-gunduwa. Masu kwance bindiga su zuba a buhun gawayi su lura da wannan.

Gwamnati ta ƙara matsa lamba a 'yan shekarun nan. A 2021 aka kafa cibiya ta ƙasa mai yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai, a ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro. A watan Yuni na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ƙarfafa ta.

Mun san abin da yake sa talaka neman bindiga. Ba mu manta da shekarun da ɓarayin shanu da masu satar mutane suka addabi dajin Falgore ba, har sojoji suka mai da wani ɓangarensa filin atisaye a 2017. Wanda aka taɓa kore masa garke ba a yi masa dogon wa'azi. Sai dai bindigar da aka saya a ɓoye daga baƙon da ya fito wata jiha, ba ka san abin da aka aikata da ita ba kafin ta zo hannunka. Mai arha ita ce ta fi zama abin tsoro. Garin da yake son tsaro, 'yan sintirinsa su yi aiki da sanin dagaci da hakimi da baturen 'yan sanda na yanki, a san sunan kowa da abin da yake riƙe da shi.

A ƙarshe, lasisin bindiga ba izinin farauta ba ne. Dajin Falgore gandun namun daji ne, kuma dokar kare namun daji daban take da dokar bindiga. Haka dajin Lame-Burra a ɓangaren Bauchi. Maharbi mai cikakken lasisi, idan ma'aikatan gandun daji suka same shi a ciki da nama, lasisin bindiga ba zai fitar da shi ba.

Wanda bai iya karanta takardar da take hannunsa ba, ya kai wa malamin ajin yaƙi da jahilci na garinsu. A duba masa abu uku: sunan wa ke ciki, ko lambar ta yi daidai da ta jikin bindiga, da ranar da wa'adinta zai ƙare.